Masu Shaida a Ƙarƙashin Gado

Duk wanda ya zauna a unguwar Yalwawa ta Dutse a farkon shekarun shari'a ya san Uwaisu Mai Kwamfuta. In bai san sunansa ba, to ya san tafiyarsa. Dogo ne siriri, yana tafe yana ɗan dira a kan yatsu, baki a buɗe, kamar wanda aka yi wa albishir yana neman wanda zai fesa wa. Mutane sun ɗauka haka Allah ya yi shi, mai murna ba dalili. Ba haka ba ne. Uwaisu yana da dalili, kuma dalilin wani dattijo ne mai furfura da ke zaune a Buji.

Malam Jaji, mahaifinsa, fatoma ne a kara, kasuwar shanu. Baƙon da ya koro shanu daga nesa gidansa yake sauka, ya ci tuwonsa, ya kwana a zaurensa, washegari kuma shi ne zai tsaya gaban mai saye ya tabbatar shanun nan ba na sata ba ne. Amma kafin ya buɗe baki sai baƙo ya sha tambaya. "Wa ya san ka?" Baƙo ya ce Arɗo wane. "Shi Arɗon wa ya san shi?" Haka za a yi ta hawa daga wannan suna zuwa wancan, har a iso kan wanda Malam Jaji ya taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi. Nan ne zai dafa ƙirji ya ce, "Na tsaya masa." Da ya faɗa, ciniki ya faɗa, ba mai sake zagaya saniya.

Uwaisu ya tashi yana jin ana yi wa mutane wannan magana, mutanen da ba a ma san garinsu ba, masu yagaggiyar malafa da takalmin taya. Shi da ke cikin gidan, yana ɗebo wa baƙin ruwan alwala, bai taɓa jin an faɗe ta a kansa ba.

Da aka ƙirƙiro Jigawa aka ce Dutse ce hedikwata, gari ya cika da ma'aikatan da ba su da kujera, ofis a gidan haya, fayil a cikin buhu. Lokacin Uwaisu ya gama sakandare. Akwai wani babban ma'aikaci da ke sayen bijimi a hannun Malam Jaji kowace shekara, wanda da ɗaga gira kawai zai iya ba mutum tebur da fanka.

"Baba, da za ka yi masa maganata," in ji Uwaisu, yana durƙushe.

Malam Jaji ya zare asuwaki daga baki. "In ce masa me?"

"Ka ce ka san ni."

"Na san ka mana, ni na yanka maka rago. Aikinka ne ban sani ba. Na taɓa gani?"

Da wannan ya taho Dutse. Ya ari tafireta mai maƙalewar harafi, ya zauna gindin darbejiya kusa da sakatariya yana buga wa mutane takardun neman aiki, aikin da shi bai samu ba. Daga nan wani mai shagon buga takardu ya ɗauke shi, can ya fara taɓa kwamfuta. Ranar da ya ga an goge kuskure ba tare da an lalata takarda ba, sai da ya fita waje ya zagaya shagon yana dariya. Bai sake waiwayar tafireta ba. Ya sayi tsofaffin littattafai a Kano, ya lalata injin maigidansa ya gyara, ya sake lalatawa, har ya iya rubuta wa kwamfuta umarni ta bi. In an tambaye shi me ya sa yake wannan wahala, sai ya ce ci gaba yake so wa jiharsa. Ya faɗa har ya yarda da kansa. Gaskiyar ita ce wani abu yake ginawa, yana ta ƙara masa tsawo, har sai an hango shi daga Buji.

Shekarar da intanet ta shigo gari ya buɗe nasa shagon a Yalwawa, shi da Muntaka, abokinsa tun na firamare, tsohon mai gyaran rediyo, gajere mai tumbi da tsoro. Layin tarho ne ke kai su duniya, ga tsada ga yankewa, mutum zai zauna yana kallon fuskar kwamfuta har ya manta abin da ya kawo shi. Sai Uwaisu ya yi dabara. Akwai wani ƙunshin aiki da masana suka rubuta suka saki kyauta, wanda ya san yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar wata kwamfuta a yi magana a asirce. Shi ya ɗauko ya ɗora nasa a kai, yadda mai amalanke ke sayen taya ya ƙera sauran da kansa. Ya sa wa abin suna Ɗan Aike. Da safe a danna shi, ya ruga ya kwaso saƙonnin duk masu hulɗa da shagon, ya dawo kafin layi ya yanke. Mutum ya zo ya karɓi nasa a buge, kamar gidan waya.

Ana cikin haka Zakiyya ta shigo da aikin kammala karatunta na koyarwa, a buga mata. Ta zauna bayan labulen da ya raba ɓangaren mata, domin a lokacin shago ba labule neman magana ne. Ya buga shafin farko ya miƙa. Takardar ta dawo ta ƙarƙashin labule da jan biro a wuri bakwai.

"Malam, injin ne bai iya rubutu ba ko mai injin?"

Uwaisu ya karanta gyaran, ya ga duk gaskiyarta ne. Aikin da ake gamawa a yini sai da ya ja shi mako guda, yana sa kuskure da gangan don takarda ta dawo. Ta gane tun a rana ta biyu, amma ba ta fasa jan biro ba.

Da maganar aure ta taso, matsalar mahaifinta ne, Alhaji Idirisu. A shekarun nan ba abin da ba a faɗa a kan shagunan kwamfuta. Wai hotunan banza ake kallo, wai caca ake yi da Turawa, wai wani ya shiga da alwala ya fito ba ita. Alhaji Idirisu ya ji duka a majalisa, kuma bai zubar da ko ɗaya ba.

"Abba ya ce ba ya ƙin ka," in ji Zakiyya ta bayan labule. "Sana'ar ce bai sani ba. Ya ce mutum ɗaya ne in ya zo ya ce ya tsaya mata, magana ta ƙare."

"Wa? Liman? Hakimi? Faɗi, yau zan je."

"Babanka. Wai ya daɗe yana sayen dabba a hannunsa, bai taɓa jin ya yi shaidar abin da bai gani ba."

Uwaisu ya yi dariya har ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Muntaka ya leƙo ya tambaya ko wuta ce ta ja shi. Duk mutanen Jigawa, da Kano a kai, a rasa wanda za a zaɓa sai wannan. Amma a ƙarƙashin dariyar wani abu ne ke tsalle a cikinsa, domin ga shi an tilasta wa dattijon zuwa, ba shi ya roƙa ba. Ya aika Buji. Amsa ta dawo a gajarce: zai zo ya gani.

Aka shiga sharar baƙo. Aka wanke daɓe, aka goge fanka, aka sauke kalandar da ke da hoton mota da wata mata a jingine, aka rataya mai hoton masallaci. Tsofaffin wayoyi da matattun batura aka tura bayan kanta. Uwaisu ya tafi sayen lemo da tabarma sabuwa, yana fita ya ce wa Muntaka, "Cikin injin ma a share. Duk abin da Baba zai gani ya ɗaga gira, ka kawar."

Muntaka ya yi abin da uwarsa ke yi in an ce ga surukai nan a ƙofar gida. Ya buɗe sabuwar folda, wato ɗaki a cikin kwamfuta, ya rubuta mata suna ƙarƙashin gado, ya dinga tura kaya ciki ba ya ko dubawa.

Malam Jaji ya sauka daga motar Buji da hantsi, da farar riga da sanda da ƙullin gyaɗa. Ya tsaya a ƙofar shago ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya shaƙi iskar wurin kamar mai duba lafiyar garke. An shimfiɗa masa tabarma amma idonsa ya faɗa kan kujerar Uwaisu mai juyawa. Ya zauna. Kujera ta tafi da shi hagu. Ya dafe tebur, fuska ba ta canja ba, ya ce, "Uhm." Bayan ɗan lokaci Uwaisu ya lura ƙafar dattijon tana ɗan tura ƙasa a ɓoye, kujera na kai shi dama tana dawo da shi.

A bayan labule kuma akwai Hajiya Hindatu, wadda ɗanta Huzaifa ke karatu a Khartum. An yi masa haihuwa, ya ce zai turo hoton jaririn, tun sassafe ta zo ta kafa zama. Uwaisu ya ga Allah ne ya kawo ta. Me ya fi wannan? Kaka za ta ga jikanta daga wata ƙasa, a gaban Baba.

"Baba, yanzu zan aiki wannan ya tafi ƙasar waje ya dawo kafin ka gama ɓare gyaɗa ɗaya."

"To, Allah ya kiyaye hanya."

Ya danna. Akwatin tarho ya yi kukansa kamar an taka wutsiyar kyanwa, layi ya kama. Uwaisu ya juyo yana murmushi, hannu a ƙugu. Sai ya ga fuskar Muntaka. Ya waiga. Ɗan Aike ya dawo hannu wofi, da layi biyu na Turanci a kan allon kwamfuta. Ya sake dannawa. Layi biyun nan dai. Ya sake. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

"Ya dawo ne?" in ji Malam Jaji. "Ban ma ɓare ba."

"Ɗan nan, jikan nawa fa?" in ji Hajiya Hindatu.

"Yana hanya, Hajiya!"

Muntaka ya matso ya sa baki a kunnen Uwaisu. "Ka kashe masa tambayar nan mana. Ba kai ka ce layi ɗaya ne na rubutu ba? Ka ce ya daina tambaya ya wuce, in Baba ya tafi a gyara."

"Wa za a kashe?"

Sun manta kunnen da ya yi rayuwa a kara yana tsintar raɗa a tsakiyar kukan shanu. Muntaka ya ce babu kowa, Baba, maganar inji ce. Malam Jaji ya tokare kujera da sanda ta tsaya cak. Ya ce yana da lokaci, a fassara masa abin da injin ya rubuta, kada a rage.

Uwaisu ya juya kan allon. "Cewa ya yi ya je, ya samu kwamfutar da ke riƙe da saƙonnin. Ta nuna masa takardar shaidarta, cewa ita ce ba wata ba. Shi kuma ya duba wanda ya sa hannu a takardar, ya ce bai san shi ba. Don haka ba zai ba ta sirrin mutane ba, ba zai karɓi komai daga hannunta ba."

Sannan Malam Jaji ya miƙe tsaye, a hankali, ya zagayo bayan ɗansa ya sunkuyo kan allon.

"Sake faɗa. Injin ne ya ce wa ya san ki?"

"Haka ne, Baba."

"Ta ce wane, ya ce shi wanen wa ya san shi?"

"Har sai an kai kan wanda ya yarda da shi."

"Ba a kai ba, ya juyo abinsa?"

"Ya juyo."

"Allahu Akbar!" Dattijon ya buga sanda a ƙasa, ya yi wata dariya da Uwaisu bai taɓa jin irinta a gida ba, har dasashi a waje. "Kai, wannan ɗan halak ne! Hajiya, kina ji? Ƙarfe ne fa, amma ya fi rabin dillalan Buji hankali. Wa ya yi masa tarbiyya? Ka ga yaron kirki, ba ya jin kunyar baƙo, ba ya tsoron maigida." Ya miƙa hannu ya shafa saman kwamfutar, yadda yake shafa tozon sa mai kyau.

Yatsun Uwaisu suna kan madannai. Ya riga ya buɗe wurin, ya riga ya rubuta rabin layin da zai rufe wa Ɗan Aike baki. Baba ba ya karanta Turanci. Danna ɗaya, hoto ya fito, Hajiya ta yi guɗa, a tafi gidan Alhaji Idirisu. Ya san kuma abin da layin ke nufi: daga ranar duk wanda ya tare hanya ya ce ni ne, Ɗan Aike zai miƙa masa mabuɗan akwatunan saƙon mutane ya yi godiya.

Daga baya, in yana ba da labarin, yakan ce tsoron Allah ne ya riƙe masa hannu. Kada mu yi masa ƙarya ko da ta alheri ce. Kishi ne. Yana kallon tafin hannun nan a kan murfin inji, yana jin yabon da bai taɓa samu ba ana zuba wa abin da shi ya haɗa da hannunsa. In ya kashe tambayar, ya ci amanar sabon ɗan gaban goshin Baba. In kuwa ya amsa ta, to shi ne ya gamsar da wanda ba ya gamsuwa. Ya goge rabin layin.

"Baba, ba laifinsa ba ne. Akwai ɗakin da nake ajiye masa takardun manyan masu shaida, waɗanda in sun sa hannu ya yarda. Tun farko na rubuta masa inda ɗakin yake. Yanzu ya je ya tarar wayam." Ya juya a hankali. "Muntaka. Ka ga wata folda mai ƙananan fayil da yawa?"

Muntaka ya soma ja da baya. "Masu suna kamar lambar mota?"

"Su."

"To ai ni na ga sunayen ba su yi kama da na mutanen kirki ba. Ba salati ba sallama, lamba da harafi kawai. Na ce ko irin abin nan ne da ake faɗa a gari."

"Ina ka kai su?"

Muntaka ya dubi silin. "Ƙarƙashin gado."

"Gadon wa?" in ji Malam Jaji.

Aka yi masa bayani. Bayan labule Hajiya Hindatu ta fashe da dariya har tana tari, tana cewa wallahi ita ma jiya can ta tura kwanukan da ba a wanke ba. Malam Jaji bai yi dariya ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ɗaga gadon mu gani."

Nan ne Uwaisu ya gane tsadar hanyar da ya zaɓa. Bai san me da me Muntaka ya tura ba, amma ya san abin da ke cikin injinsa. Ya ce bismillah a zuci ya buɗe.

Kaya suka zubo a allo. Na farko waƙoƙin Indiya ne, jere guda. Ya taɓa ɗaya bisa kuskure, sai ga muryar mace siririya ta cika shago da sarewa da ganga. Muntaka ya yi tsalle ya fizge wayar lasifika, ya tsaya da ita a hannu kamar ya kama maciji.

"Ta wa ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Uhm. Uwarka ma tana ji a rediyo in ta ɗauka na fita. Wuce. Wancan mai zanen karta fa?"

"Wasa ne. Da injin yake zuwa."

"Da wa kake yi?"

"Ni kaɗai."

"Kai kaɗai. Wa ke cinyewa?"

"Yawanci shi."

"Ana sa wani abu?"

"Ko ƙwandala, Baba."

Malam Jaji ya girgiza kai, irin na wanda ya ga wauta amma bai ga haram ba. Ya sa aka buɗe masa sauran ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake komai ba. Hoton Muntaka a kan babur ɗin aro, ya sa baƙin gilashi. Wata takarda da aka fara da "Zuwa ga hasken idona" aka tsaya nan, an kasa ci gaba. Wannan Uwaisu ya rufe da sauri, kunnuwansa na zafi, dattijon kuma ya yi kamar tari ne ya kama shi. A can ƙasa, ƙarƙashin duk tarkacen, ga masu shaida a takure.

"Karanto min su."

Uwaisu ya buɗe ya karanto sunayen kamfanonin da ke ciki. Malam Jaji ya gwada maimaita ɗaya, harshe ya ƙi, ya bari.

"Ka san su?"

"A'a. Da ƙunshin suka zo. Duniya ta yarda da su, masu bincike suna bin su."

"Shi injin ya san su?"

"Bai san kowa ba. Duk wanda ya tarar a ɗakin da na nuna masa, shi ne abin yarda."

"In ka sa ɓarawo a ɗakin?"

"Zai gaishe shi da girmamawa."

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙeyar ɗansa. "Ashe ba su ya yarda da su ba," ya ce, murya ƙasa. Bai ƙarasa ba. Ya koma kan sanda ya ɗaga murya. "To ni dai ban taɓa ganin inda aka kwantar da masu tsaya wa mutum a ƙarƙashin gado, tare da karta da 'yan Indiya ba. A zaure ake saukar irinsu. Yi musu zaure."

Uwaisu ya buɗe sabuwar folda ya sa mata suna zaure. Ya kwashe takardun ya mayar can, su kaɗai, ya kulle ta yadda ba mai ƙarawa ko ragewa sai shi. Muntaka ya ce ai ba sai an kulle ba, aka yi masa kallo ɗaya ya ja gefe. Sannan ya koma cikin umarnin Ɗan Aike, ya nemo layin da ke faɗin inda masu shaida suke, ya goge tsohon kwatance ya rubuta sabo, harafi bayan harafi, yana karantawa a fili kamar mai biya allo. Ya danna.

Akwatin tarho ya sake kukan kyanwarsa. Allo ya yi shiru. Sai rubutu ya fara gudu, saƙo na bin saƙo.

"Ya yarda!" Uwaisu ya daka tsalle har hularsa ta bugi fanka. "Baba, ya yarda! Hajiya, ga shi nan!"

Hajiya Hindatu ta manta da labule ta yaye shi ta fito. Hoton ya fara sauka daga sama, layi-layi, a hankali kamar ana saƙa shi. Farko farin bango. Sannan wani abu ya ɓullo, launin fata, santala, ba tufa. Ya ƙara tsawo. Ƙafa ce. Ƙafa tsirara, a sama.

Girar Malam Jaji ta fara hawa. Muntaka ya lallaɓa hannu wajen soket yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Uwaisu ya ga aurensa yana tafiya layi-layi.

Sai ga gwiwa mai lotsawa, sai ga farin nafkin, sai ga tumbi, sai ga wani ƙaton jariri kwance a kan cinyar ubansa, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama yana hamma.

Guɗar da Hajiya Hindatu ta saki sai da mai shayin tsallaken titi ya leƙo. "Hancin kakansa! Wallahi hancin Alhajina ne, ku duba min!" Ta rungumi kwamfutar, ta sa wa Uwaisu albarka, ta sa wa Muntaka, ta sa wa Ɗan Aike. Muntaka ya zauna a ƙasa yana dariya da hawaye. Malam Jaji ya koma kujerarsa, kuma a wannan karon bai ɓoye ba, ya tura ƙafa ya yi zagaye guda cikakke, riga na tashi.

Da za su fita ya tsaya a bakin ƙofa, ya rage murya yadda Muntaka ba zai ji ba.

"Da ba na tsaye a bayanka, da ka kashe?"

Uwaisu ya buɗe baki zai rantse, ya tuna wa ke tambaya. "Ban sani ba, Baba."

"Uhm. Da ka ce a'a, da motar Buji zan nema." Ya gyara hula. "Ina gidan Alhajin?"

A babur ya kai shi. Malam Jaji ya yi sallama ya shige zauren Alhaji Idirisu, aka bar Uwaisu a waje, domin ba a yin irin wannan magana a gaban mai ita. Ya zauna kan babur, ya sauka, ya duba taya, ya sake hawa. Ya jiyo muryoyi, sai kuma ya jiyo dariyar manya biyu, da wata kalma mai kama da gado. Ta tagar sama labule ya motsa, ya ga gefen mayafi ya ɓace.

Dattawan suka fito tare, Alhaji Idirisu na rakiya. Uwaisu ya zube ya gaishe su, ya tashi ya tada babur.

"Baba, me aka ce?"

"Maganar manya ce." Malam Jaji ya tattara riga zai hau. "In ka je Buji ka gaya wa gwaggonka Zulaihatu ta fara zagayen akwatin lefe."

Abin da ya faru bayan nan, Uwaisu bai taɓa iya bayaninsa ba. Ya dai san ya yi ihu, ya san hannunsa ya murɗa, ya san iska ta cika masa riga. Ya ratsa Yalwawa yana danna oda, yana ɗaga wa mutanen da bai sani ba hannu, yana ba Baba labarin irin gyaran da zai yi wa shago, da injin da zai ƙaro, da sunan da zai sa wa ɗan fari. Sai da ya kai shataletale ya ji babur ɗin ya cika sauƙi. Ya waiga. Ba kowa a baya.

Ya dawo a hankali, kai a ƙasa. Malam Jaji na nan tsaye inda ya bar shi, ƙafa ɗaya ta sauka daga hawan da ba a yi ba, sanda a hannu. Alhaji Idirisu na gefensa ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

"Alhaji, ka dai ji abin da na faɗa a ciki," in ji Malam Jaji, bai ko dubi ɗansa ba. "Sana'ar na tsaya wa, da amanar mai ita. Hankalin kuwa, wannan ku da Allah."